Ƙofa Ba Kafa Ba Ce

Sunana Ya'u, baduku ne ni. A cikin birnin Daura aka haife ni, a gidan da nake zaune yanzu. Boko ban daɗe a cikinta ba, mahaifina ya cire ni ya ce hannuna ake buƙata a zaure. Abin da na faɗa a gidana shi ake yi. Haka na taso na tarar, haka nake tafiya.

A katangar gidana ta yamma akwai wata kafa. Katangar ƙasa ce, ita ta raba ni da maƙwabcina Ɗantsoho mai gishiri. Kafar tun zamanin kakata take nan, daidai yadda mace za ta sunkuya ta wuce. Na san mata suna bi ta nan su ɗebo wuta ko su ari taɓarya. Iyakar sanina ke nan. Ni a zaure nake wuni, fuskata tana kallon titi.

Wata rana na rina fata ja, zan ɗinka wa wani malami gafakar Alƙur'ani. Na shanya ta a tsakar gida. Akuyar Ɗantsoho ta shigo ta kafar nan ta tauna mata gefe guda. Fatar ba ta sake moruwa ba.

Bayan La'asar na same shi a dakalin ƙofar masallaci, inda dattawan unguwa ke zama. Na gaya masa abin da akuyarsa ta yi.

Ya ce, "Haba Ya'u. Fatar akuya ce fa. 'Yar'uwarta ta gani ta zo yi mata gaisuwa."

Aka kwashe da dariya. Har liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Ni ba a yi mini dariya. Na miƙe tsaye na ce, "Wallahi in na tashi katangar nan ba zan bar mata kafa ba, ko ta kaza."

Kowa ya ji. Na juya na tafi.

Dama damina ta ci gindin katangar. Ɗana Zulkifilu, da ke aiki a Kaduna, ya daɗe da aiko siminti da bulo, suna jibge a bayan gida. Ni ne na ƙi taɓa su, don ba na son ginin bulo, zafi gare shi. A ranar na aika wa Isyaku magini ya zo ya fara.

Na gaya wa matata Maijidda tana kwasar tuwo. Na ce za a rushe katangar yamma a tayar da ta bulo, kuma babu sauran kafa. Mara ta tsaya a hannunta kaɗan. Sannan ta ce, "To, Malam." Ta ci gaba da kwasa. Tun da na aure ta ba ta taɓa mayar mini da magana ba.

Mutum ɗaya ce ke mayar mini da magana a gidan nan, jikata Hadiyya, 'yar Zulkifilu. A wurinmu take zaune, tana sakandaren 'yan mata. Jika ce, wasa ne tsakaninmu, ba yadda zan yi da bakinta.

Ranar Asabar Isyaku ya rushe rabin katangar ya tafi sallar Azahar. Na shigo cikin gida shan ruwa, na tarar da Hadiyya durƙushe a inuwar ɗakin girki. Ta share ƙasa, ta jera ƙwallayen dabino, ta haɗa su da tsinkayen tsintsiya.

Na ce, "Ke, wa ya sa ki lalata tsintsiyar kakarki?"

"Lissafi nake yi, Tsoho."

"Lissafi da ƙwallon dabino? Ina lambobin?"

"Wannan ba ruwansa da lamba. Ɗigo ne da layi. Malamarmu ta ce kowa ya samo abin da ya sani ya mayar da shi haka. Wasu sun ɗauki hanyoyin mota, Daura zuwa Sandamu, Daura zuwa Mai'adua. Ni na ɗauki unguwarmu."

"Ina unguwar a nan?"

"Kowane ƙwallo gida ne. Ga naka nan, na zaɓo maka wanda ya fi bushewa."

"Za ki ci gidanku."

"Ai ga shi nan a gabanka." Ta nuna tsinkayen. "Kowane tsinke kafa ce a katanga. In mace za ta iya wucewa daga wannan gida zuwa wancan ba tare da ta fita titi ba, sai in sa tsinke. In babu, ba na sawa."

Na tsaya na duba. Tsinkayen suna da yawa. Ban ɗauka sun kai haka ba. Gidan Ɗantsoho yana da kafa zuwa gidan masu injin markaɗe, na masu injin yana da biyu, ɗaya ta faɗa gidan ungozoma. Ta gabas ma haka. A unguwar nan na tsufa, ban san da su ba. Ba hanyar maza ba ce.

Na ce, "To sai me?"

"Tambayar ita ce, zanen haɗaɗɗe ne ko ba haɗaɗɗe ba? Haɗaɗɗe shi ne in ka tsaya a kan kowane ƙwallo za ka iya kaiwa ga kowane ƙwallo, kana bin tsinke. Ba sai da tsinke kai tsaye tsakaninsu ba. Ko ta gida nawa za ka ratsa, in dai za ka isa."

"Wannan ne?"

"Gwada da kanka."

Na tsuguna. Gwiwata ta yi ƙara, ta yi kamar ba ta ji ba. Na ɗora yatsa a kan ƙwallon ƙarshe na gabas, na bi tsinkaye har na isa ƙwallon ƙarshe na yamma. Na sake zaɓar wasu biyu. Na isa. Na sake. Na isa.

Na ce, "Haɗaɗɗe ne. Wannan ne karatun da ubanki ke wahala a kansa?"

"Saura. Cire tsinke ɗaya, duk wanda ka ga dama."

Na cire na tsakanin gidan masu injin da gidan ungozoma.

"Yanzu bi."

Na bi. Akwai zagaye ta wani gidan, na isa. Ta mayar da tsinken, na cire wani a gabas. Nan ma akwai zagaye. Abin ya fara yi mini daɗi, kamar dara. Na cire na uku, na sake samun hanya.

Ta ce, "To cire wannan."

Tsinken da ke tsakanin busasshen ƙwallona da na Ɗantsoho ne. Na cire. Na ɗora yatsa a gabas na biyo har gidana. Na tsaya. Na koma na nemi zagaye ta sama, babu. Ta ƙasa, babu. Ƙwallayen sun rabu gida biyu, na gabas daban, na yamma daban, ba abin da ya haɗa su.

Ta ce, "Irin wannan layin sunansa gada. In aka cire shi zanen ya tsinke. Da can akwai wata kafa ta gidan Alhaji Zailani, ya toshe ta lokacin da ya yi bene. Taka ce kaɗai ta rage."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan. Ashe unguwar duka a katangata take rataye.

Amma na gane inda ta dosa. Na ce, "Zanenki ƙarya ne. Ina titi? Titi ya haɗa kowa da kowa. Kowane gida da ƙofarsa."

"Titi layinka ne, Tsoho. Kai da ƙafarka da sandarka. In zanen maza zan yi, zan sa shi. Wannan na mata ne." Ta ɗauki wani ƙwallo a can ƙarshen yamma ta riƙe. "Ka san gidan wa ne wannan?"

"Na sani."

Gidan Nagoggo ne, yayar Maijidda. Idonta ya tafi da daɗewa. A gidan ɗanta take, shi direba ne a hanyar Mai'adua, matarsa kuma tana fita aiki tun safe. Na san Maijidda tana zuwa wurinta. Nakan ji ta ce, "Malam, zan leƙa Yaya," in ce to. Ban taɓa tambayar ta ina take bi ba. Ba aikina ba ne.

Hadiyya ta ce, "Kullum da hantsi Kaka ke kai mata kunu. Ita ke tsefe mata kai, ita ke shafa mata mai a ƙafa. Da gwiwar nan tata kana ganin za ta zagaya ta titi?"

"Ita ta sa ki?"

"Ita? In ta ji na gaya maka ma sai ta saɓa mini. Ni aikin makaranta nake yi."

Na miƙe. Na ce, "Na riga na rantse." Na koma zaure.

Magana ba ta isa ta juya ni ba, sai abin da na gani da idona. Washegari da hantsi na leƙa cikin gida na ga Maijidda tana zuba kunu a kwano. Na ɗauki sandata na fita ta ƙofar zaure, na nufi gidan Nagoggo ta titi.

Na sha bin hanyar nan. Ranar na bi ta ina tuna gwiwar Maijidda. Layinmu ba ya ɓullewa yamma, sai ka yi kudu har bakin kwalta. A bakin kwalta akwai kwata mai faɗi, an ɗora mata katako ɗaya. Na hau, ya lanƙwasa. Daga nan sai tashar 'yan acaɓa. Wani ya zo a guje ya kusa tafiya da sandata, ya waiwayo ya ce, "Baba a duba hanya mana!" Na faɗa masa abin da ya dace da shi. Sai tudun da ke bayan masu faci, sai lungun da ruwan wanka ke kwanciya. Kafin in isa na yi gumi.

Na yi sallama a ƙofar gidan, aka ce in shigo. Na tarar da Nagoggo a kan tabarma a bakin ɗakinta. Kusa da ita Maijidda ce zaune, ta riga ta cire mayafi, tana fifita kunu da ludayi. Kunun yana ta tururi. Matar da na bari a gida tana zubawa.

Ta gan ni, ta yi sauri za ta tashi. Na ce ta zauna.

Nagoggo ta ɗaga kai. "Wannan takun Malam Ya'u ne. Yau wace rana?"

"Gaisuwa na zo, Yaya. Ina kwana? Ya jiki?"

"Jiki alhamdu lillahi. Numfashinka nake ji kamar wanda ya biyo ɓarawo."

"Rana ce."

"Rana ce kam." Ta karɓi ludayin ta kurɓa. "Na ji kana sabuwar katanga. Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta roƙe ni ba. Maijidda ma ba ta ɗago ba, ta jawo ƙafar yayarta ta ɗora a cinya tana shafa mata man kaɗe. Na ga yadda tsohuwar ta saki jiki. Na ɗan zauna, na ajiye mata goro, na yi sallama.

Na dawo ta inda na bi. Da na iso gida na ji motsin Maijidda a ɗakin girki. Nan ma ta riga ni.

Na zauna a zaure na ɗauki basilla. Ɗinki nake yi, amma ba a kansa hankalina yake ba. Abu biyu ne a gabana. Katangar in ta tashi a rufe, tsohuwar nan ta rasa mai kai mata kunu, Maijidda kuma ba za ta ce mini uffan ba har ta mutu. In na bar kafa, na karya rantsuwar da na yi a gaban mutane, Ɗantsoho ya samu abin dariya har ƙarshen rayuwarsa. Na maimaita rantsuwar a raina kamar yadda na faɗe ta. Na sake maimaitawa. Sai na ajiye basillar.

Na shiga na tarar Isyaku ya ja igiya, ya jera sahun farko na bulo tun daga wannan kusurwa har waccan.

Na ce, "Cire waɗannan." Na nuna masa da sanda, daidai inda kafar take a da.

Ya ce, "Baba, ai cewa ka yi kada a bar..."

"Na san abin da na ce. Cire."

Ya cire. Na kira Maijidda. Ta fito tana goge hannu. Na ce ta tsaya a wurin, ta ɗora kwano a ka. Ta dube ni, ta dubi Isyaku, ta yi yadda na ce.

Na ce wa Isyaku, "Auna daga ƙasa har saman kwanon, ka ƙara taƙi guda. Faɗi kuma yadda mutum biyu za su gifta. Ka sa ƙyaure na katako mai kauri. Sakata a sama, inda hannun babba kaɗai ke kaiwa, a buɗe ta ta kowane gefe."

Isyaku ya sosa ƙeya. "To Baba, rantsuwar fa?"

"Kafa na ce. Wannan ƙofa ce."

Maijidda ta sauke kwanon. Ta koma ɗakin girki, na ji tana yi wa Hadiyya faɗa a kan tsintsiya.

Labari ya riga ni isa dakalin masallaci. Tun da aka kawo Shari'a kowa a dakalin nan ya zama malami, har wanda bai haɗa izu biyu ba. Ina zama Ɗantsoho ya fara.

"Jama'a, ga mai rantsuwa ya iso. Ya'u, kaffara ta hau ka. Ko ka ciyar, ko ka tufatar. In ciyarwa ce a fara da ni."

"Kai ba miskini ba ne, marowaci ne."

"Ka ce ba za ka bar kafa ba, ko ta kaza. Yanzu ka bar wadda raƙumi zai wuce."

"Kafa rami ce, ba ta da ƙyaure ba ta da sakata. Ƙofa gini ce. In ba ka san bambancinsu ba, je ka cire ƙyauren shagonka ka kwana."

Aka yi dariya, wannan karon ba ni ake yi wa ba. Wani ya ce ina da gaskiya, lafazi ake bi. Wani ya ce a'a, hanya hanya ce ko da me aka kira ta. Murya ta fara tashi. Aka juya ga liman.

Liman ya ce, "Rantsuwa tana bin niyyar mai ita. Malam Ya'u, ranar da ka rantse me ka nufa?"

Na ce, "Akuya na nufa."

"Akuya dai ba ta buɗe sakata," in ji liman. Ya yi murmushi. "Allah ne masanin zuciya. Amma in mutum ya ji ransa bai kwanta ba, ciyar da mabuƙata goma bai taɓa cutar da kowa ba."

Na ɗauki sandata na koma gida.

Ranar Juma'ar da aka kafa ƙyauren na sayo shinkafa da nama, na ce Maijidda ta ɗora babbar tukunya. Hadiyya ta zo ta tsaya a kaina tana murmushi.

"Tsoho, kaffara ce?"

"Sadakar sabuwar katanga ce."

"Mutum nawa za a ba?"

"Ki tambayi kakarki. Ita ta san gidajen da ba a ɗora tukunya ba."

Ta san su kuwa. Kwanuka suka yi gabas, suka yi yamma, ba wanda ya taka titi. Na tsaya daga bakin zaure ina kallo. Maijidda ta ɗauki na Nagoggo da kanta. Ta ɗora a ka, ta zare sakata, ta wuce a miƙe. Tun tana amarya take sunkuyawa a wurin nan. Akuyar Ɗantsoho ta leƙo, ƙyauren ya rufe a hancinta.

Da yamma Hadiyya ta sake jera ƙwallayenta. Ta ce malamarsu ta yaba da aikin, har ta sa ta zana shi a allo gaban aji. A wurin katangata ba ta sa tsinken tsintsiya ba, wani guntun kara mai kauri ta sa.

Ta ce, "Amma fa har yanzu gada ce, Tsoho. Malama ta ce zanen da ya fi ƙarfi shi ne wanda ba shi da gada ko ɗaya, kowane wuri da zagayensa. Da Alhaji Zailani zai buɗe tasa, ko an rufe taka ba abin da zai tsinke."

"Wa zai rufe tawa?"

"Misali na ce."

"Je ki yi wa Zailani misali. Tawa ba mai rufe ta."

Ta tattara ƙwallayen tana dariya. Busasshen nan ta miƙo mini, na jefa shi a aljihu.

Isyaku ya dawo ɗaukar kayan aikinsa, ya gwada ƙyauren ya ji yana ƙara. Ya ce zai kawo baƙin mai ya ɗiga masa. Na ce ya bar shi haka.

Yanzu kullum da hantsi ina zaure ina ɗinki sai in ji ƙarar. In ta yi, na san kunu ya tafi. In ta sake yi, na san Maijidda ta dawo. A tsakani tana yi sau da yawa, masu markaɗe ne da masu aron turmi da masu kiran ungozoma. Ba na tambaya. Ɗinkina nake yi.